Kwaɗo a Yakuwar Malam

'Yan uwa, yau saura kaɗan yakuwar maigidana Malam ta sha kananzir!

Tun rasuwarsa ban leƙa lambun bayan gidanmu ba sai yau. Ina cire ciyawa, ƙasa ta motsa. Na ce, "Maciji!"

Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta fito da galan ɗin kananzir. "Matsa, Maman Sadiya, haka muke musu a Maraɗi!"

Na riƙe hannunta. Yakuwar nan ce shukar Malam ta ƙarshe.

Muka tona da muciya. Ashe kwaɗo ne, idanu kamar na mage! Ya dube mu, ya haƙa da ƙafafun baya, ya nutse baya-baya.

Hajiya ta ajiye galan. "Ikon Allah, a nan Staten Island ta Amurka har kwaɗo noma yake! Bar shi, kin samu mai taya ki."

Na yi dariya har da hawaye.