Shekaru Ukun da Na Rage wa Babban Ɗana

Shekara goma na yi ina ɗinki a Daura kafin mahaifina ya rasu, na tattaro iyali na dawo gida Damagaram. Na dawo da 'ya'ya maza biyu, babban yana da shekara tara, ƙaramin shida. Babban ya gama aji uku na firamare a can, yana karanta Turanci har yana gyara wa uwarsa, abin da ke ba ta haushi ƙwarai.

Da aka buɗe rubuta yara bayan damina, na kai su lakwal, wato makarantar boko ta unguwarmu. Darakta ya karɓi ƙaramin ba gardama. Babban kuwa ya yi masa tambaya biyu da Faransanci, yaro ya tsaya yana kallon bakinsa.

"Malam tela, abin da ya karanto can ba ya ci a nan," in ji darakta. "Sai ya koma ajin farko. Ajin farko kuma ba mu ɗaukar ɗan shekara tara."

Ni mutum ne mai gaggawa, na san halina. Maƙwabcina ya ce kowa haka yake yi: tunda yaran ba su da takardar haihuwa ta ƙasar nan, in nemi shaidu biyu mu je gidan shari'a, in faɗi shekarar da ta yi mini. Washegari na je na yanke wa babban shekara uku. Mai rubutu ya duba, ya ce uwa ɗaya ba ta haihuwa sau biyu a shekara sai in tagwaye ne. Na ce tagwaye ne. Shaiduna suka gyaɗa kai.

A hanyar gida na ja wa yaran kunne: a lakwal su tagwaye ne, kuma kada ƙaramin ya kuskura ya ce Yaya a gaban mushe, malamin ajinsu. Ya kira shi da sunansa kamar kowa. Babban ya ci gaba da tafiyarsa. Na ɗauka ya gane, har na yaba wa kaina dabara.

Aka zaunar da su benci ɗaya. Gwiwoyin babban ba su shiga ƙarƙashin tebur, yara na ce masa baban aji. Ƙaramin kuma bakinsa ya kama Faransanci da wuri, shi ke yi wa wansa bayanin abin da mushe ya ce. Duk da haka babban bai taɓa fashi ba. Abin da nake so ke nan, ya zauna a lakwal, sauran ban dube shi ba.

Wata ranar Juma'a muna cin tuwo da rana, ƙaramin ya miƙa hannu ya ɗauki naman da ke gaban wansa, ya kira shi da sunansa gatsal, ya ce ya miƙo masa ruwa. A gidanmu ba a taɓa yin haka ba. Ni har gobe ba na kama sunan wana. Raina ya ɓaci, na cafke wuyan hannun yaron na ɗaga nawa.

Babban ya ajiye masa kofin ruwan a gabansa, ya dube ni.

"Ƙyale shi, Baba," ya ce. "Kai ka fara."

Na sauke hannuna. Kunya ta kama ni, ban iya ƙarasa tuwon ba.