Mai Faci Ba Ya Sakin Iska

Taubashin nan namu Mai Faci, tun yana yaro ba ya sakin abin da ya shiga hannunsa. Da ya girma ya kafa rumfa a bakin titi, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayi, da bahon baƙin ruwa na neman huda. Shekara da shekaru aikinsa ke nan: ya cusa iska, ya hana ta fita. In ya ji taya tana tsiit, sai ka ce uwarsa aka zaga.

Sai zuciyarsa ta fara yi masa tsiya. Ta yi gudu, ta yi tuntuɓe, ta yi fiffika kamar kazar da aka kama. Ƙato guda, da ta fara sai ya jiƙe da gumi ya hau rabon gado. Likita ya ce ɗakunan saman zuciyar ne suka daina bin tsari, ya rubuta ƙwayoyi. Wata nas ta ƙara masa da dabara don tsoron: ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi ta baki, sakin ya fi jan tsawo.

Gogan naka ya dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga jak ba ita za ta koya masa iska? Rabin farko ya ɗauka, rabi na biyu ya bar mata a asibiti. A iliminsa, duk iskar da ta fita asara ce.

Don haka da zuciya ta motsa sai ya hau bunƙasa kansa kamar tayar tirela. Ya ja, ya ƙara, ya danne, idanu waje, jijiyar wuya kamar tiyo. Ranar da ya yi haka a gaban layin 'yan tasi, jiri ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin baho.

Washegari babban ɗansa ya zo da mai sayen inji, matar Mai Faci tana biye. Sun gama shawara: a rufe rumfa, Baba ya koma gida ya riƙa tsaron kaji. Mai Faci ya buɗe baki zai tsine wa kowa, ƙirji ya hau rawa, ya fara jan iskarsa ta gado.

Matar ta dafe masa tumbi da tafi. Ta ce, "Baban yara, ko dai iskar nan ta fita, ko injin nan ya fita. Zaɓi."

Ya dubi injin, ya dubi mai saye yana ƙwanƙwasa tankin. Ya tsuke baki ya saki, a hankali, fuska kamar ana cire masa haƙori. Ta ce bai isa ba, ya sake. Zuciyar ba ta gyaru ba, wannan aikin ƙwaya ne, amma gumin ya tsaya, bai kuma faɗi ba. Mai saye ya tafi yana ƙunƙuni.

An bar masa rumfa da sharaɗi. Yanzu matar tana da benci a gefen baho. Da ya dafe ƙirji ba ta ko ɗago kai daga saƙarta, sai ta ce, "Sace." Shi kuwa ya tsaya tsakiyar titi yana sacewa, 'yan tasi suna tambaya ko a kawo masa faci.