Wurin Yaya Habu a ƙarshen layi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, tela a Agege, Allah ya jiƙansa. Shi ya tara mu muke fita yawon keke duk safiyar Asabar. Daga Agege mukan miƙa har Ota, mu dawo wajen azahar ƙafafu na rawa.

Yaya Habu ya fi mu duka ƙarfin ƙafa, amma ban taɓa ganinsa a gaba ba. Kullum shi ne na ƙarshe, yana tafe kusa da duk wanda ya gaji, yana jansa da hira har su haye tudu. Ni kuwa gajen haƙuri gare ni. Na sha tsayawa a bakin titi ina shaƙar hayaƙin bas-bas ɗin haya da ake kira danfo, ina ta masifa. In ya iso sai ya dube ni ya ce, "Ƙanina, wani abu ake rabawa a Ota ne?"

Yau mun fi lokacinsa yawa, kekunan ma sun fi kyau. Kowa da waya maƙale a gabansa tana auna masa gudu, wanda ya gaji shi ya sani. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga haka. Ina jin baya kawai zai koma.

Watan jiya na ce bari in riƙe wurinsa. Akwai wani sabon zuwa, Bitrus, mai gadi a Ikeja, da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Na jira shi sau ɗaya, na jira sau biyu. A na uku na hango 'yan gaba suna ɓace mini, raina ya ɓaci, na taka na bar shi. Daga baya na ji a danfo ya koma gida, an ɗaure kekensa a baya. Asabar uku ke nan bai zo ba.

Keken Yaya na nan a ɗakina, sunansa na nan a bakin mutane. Haƙurin ne na rasa inda zan samo, kuma abin yana ci mini rai. Jiya na kira Bitrus in ba shi haƙuri, bai ma bari na gama ba.

"Haba oga, ba wahala," in ji shi. "Ai ni na ɓata muku lokaci. Na ma sayar da keken."