Ƙwallon Gwanjo da Karen Safana

Muna tsakiyar wasa da samarin Safana, zamanin Turawa, sai wani kare ya shigo fili ya cafke ƙwallonmu ya yi daji.

Ƙwallon gwanjo ne, na sayo shi da araha wurin kukun wani Bature. Robar cikin ta mutu, sai kawuna mahauci ya cusa mafitsarar bijimi, ya hura, ya ɗinke.

Na dawo garinmu Batsari ina huci. "Kawu, aikinka ya ja mana, kare ya gudu da ƙwallo."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ana cin ku ne?"

"Kaca-kaca."

"To, kai wa karen ƙashi."

Ku fa, araha ta taɓa rufa muku asiri haka?