Na Sa Muryar Inna A Rediyo Ba Da Saninta Ba

Edita, sannunku da aiki. Ina so in ba masu karatu labarin abin da ya faru da ni ina aji uku a jami'a a Samaru, Zariya, inda na karanci aikin jarida. A lokacin ni yarinya ce mai rawar kai, ga surutu kamar aku. A Muchia na tashi. Mahaifina malamin makaranta ne daga kudancin Kaduna, mahaifiyata kuma tana da shagon ɗinki a PZ. Hausa muke yi a gida, da ita muke waƙa a coci, shi ya sa nake ganin babu abin da wani zai koya mini game da Hausawa.

Da ban samu ɗaki a cikin makaranta ba sai na kama haya a Bomo, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ba a sauke tukunya a gidan ba a zuba mini ba, ranar Lahadi kuwa ita ke buga mini ƙofa kada in makara coci, alhali ita musulma ce. Babban ɗanta manomi ne, yana zaune da iyalinsa a ɗaya sashen gidan. Na lura ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce wancan, in ya zo gaishe ta kuma ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Na san ana kunyar ɗan fari, amma na ɗauke ta tsohon yayi, har nakan tsokane ta in ce ko bashi take binsa ne. Sai ta yi dariya ta ce in tafi can da iyayina.

Ana nan sai aka ba mu aikin haɗa gajeren shiri, wanda ya fi kyau za a sa shi a rediyon jami'a. Na zaɓi matan da ke shanya tumatir lokacin noman rani, Inna kuma, da ita ma sana'arta ke nan, ta yarda in naɗi muryarta. Ta yi mini bayani tsaf, daga yanka har zubawa a buhu. Muka gama, na ajiye wayar a kan tabarma na manta ban kashe ba. Hira ta yi daɗi, har ta gangaro kan rasuwar mijinta. Ta ce ɗan nan nata ya fi duk ƙannensa ƙwaƙwalwa, amma shi ya ajiye karatu ya koma gona don su yi nasu. Sai na ji ta ambaci sunansa. Ta sa masa albarka, ta ce duk cikin 'ya'yanta babu wanda take ji a ranta kamarsa.

Da na zo tace shirin na ji wannan wuri, sai na yi ta maimaita shi. Malaminmu ya sha nanata mana cewa ba a sa maganar mutum sai da izininsa, ba zan ce ban sani ba. Amma na ce wa kaina ai yabo ne, wa yabo ya taɓa yi wa illa? Na saka shi a ƙarshen shirin. Nawa aka zaɓa, na bi unguwa gida-gida ina cewa kowa ya kama tashar.

Ranar da aka sa shirin na dawo ina taƙama, na tarar da gidan shiru. Kafin yamma mata sun fara shigowa suna zolayarta, wai ashe Inna haka ake son wancan ake ɓoyewa. Ta daina zuwa biki da suna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Abinci bai daina zuwa ba, sai dai surukarta ke miƙo mini, in na gaishe ta kuma ta amsa ba ta ɗago kai ba. Lahadi ta zo ta wuce ba wanda ya buga mini ƙofa. Na yi kuka sosai, don ina son matar nan, kuma na ga ina neman rasa ta.

Da abin ya ishe ni na tafi gida na faɗa wa mahaifiyata. Ta dube ni ta ce na kwance wa tsohuwa zani a kasuwa, kuma ina jiran a tafa mini. Washegari ta rufe shago, ta sayi goro, muka hau a-daidaita zuwa Bomo. Muka durƙusa gaban Inna, mahaifiyata ke ba da haƙuri, ni kaina a ƙasa. Inna ta saurare ta har ta gama. Sai ta ce abin da ta faɗa, ni 'yarta ta faɗa wa, ba rediyo ba. Sannan ta ce ya wuce, in tashi, ƙasa akwai sanyi.

Bayan kwana biyu ɗan nata ya tare ni a zaure. Na ɗauka zai ce in kwashe kayana. Sai ya ce yana gona ranar, rediyonsa a rataye a reshe, da ya ji muryar sai ya ajiye fartanya ya zauna, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya roƙe ni in tura masa a wayarsa. Na ce ya yi haƙuri sai na tambayo mai muryar. Na same ta tana tsince wake, na faɗa mata. Ba ta daina tsincewa ba, ta ce ita ba ta san zancen da nake yi ba, waya ai tawa ce, amma kada wancan ya kuskura ya kunna ta inda take. Na tura masa.

Yanzu ina aiki a wani gidan rediyo, ina jin daɗin aikina, kuma duk lokacin da na shigo Zariya sai na leƙa Bomo mun sha hira da Inna. Amma ba na ruɗin kaina da farin cikin da ɗanta ya yi. Sa'a ce na taka, kuma ba ta goge kwanakin da tsohuwa ta yi ba ta iya haɗa ido da maƙwabta ba. Ƙannena masu karatun jarida, ku ji ni da kyau. Mutanenmu za su buɗe muku ciki saboda sun ɗauke ku 'ya'ya, ba don kuna riƙe da na'ura ba. In kun ji magana mai daɗi, ku koma ku tambayi mai ita kafin duniya ta ji. Maki na samu mai kyau a shirin nan, amma da za a mayar da ni ranar, da na kashe wayar na saurare ta kawai.