Abin da Allon Treichville Ya Gani

Ku matso, jikokina, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunne.

Shekarar da na ji ƙullutu a nonona na hagu, babban ɗana ya kai ni wani ƙaramin asibiti a Adjamé. Aka ɗauki hoto, aka ba mu a faifai, amma likitan da zai karanta bai zo ba. Sai ɗan nan nawa ya sa faifan a kwamfutar shagonsa, ya ɗauki hoton allon da waya, ya tura wa ɗan ƙanena mai aikin asibiti a Maraɗi. Amsa ta dawo: lafiya lau.

"To, Inna, kin ji. Gobe sai tasha, biki na jiranki a gida."

Na ce, "Wayar da ke mai da matarka fara sol, ita za ta faɗa mini gaskiyar jikina? Ba inda za ni."

Ya ce rigimar tsufa ce. Na gyara ɗaurin zanena, na ɗauki faifaina, na hau woro-woro, tasin haɗaka, na haye gada zuwa asibitin Treichville ni kaɗai.

Likitar can mace ce, ɗakinta labule a sauke. Ba ta fara da hotona ba. Wasu gidaje ta buɗe a allo, daga baƙi ƙirin har fari fat, toka-toka jere a tsakani.

Na ce, "'Yar nan, dara za mu yi?"

Ta yi dariya, ta amsa da Julanci, yaren kasuwar garin nan. "Maman, allon nake gwadawa. Cikin baƙin nan akwai wani ɗan baƙi a ɓoye. In ban gan shi ba, allon ya sauka daga saiti, ba na karanta hoton kowa sai an daidaita shi. Allon nan ba na kallon ƙwallo ba ne, don aikin nan aka ƙera shi."

Sannan ta sa nawa. Ga ɗige-ɗige farare gefen ƙullutun, kamar an barbaɗa gishiri. Ta ce alamar ciwon daji ce, amma a waya duk sun narke sun zama hazo.

Aka yi mini aiki, aka cire nonon. Ban yi kuka ba. Ya shayar da tara, ya gama aikinsa.

Ɗan ƙanena ya daina karanta wa dangi hoto a waya, wasu har yau suna fushi da shi. Likitar an mai da ita Bouaké. Ɗana shi ya yi jinyata, bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban ta da ba. Ni kuwa ina Williamsville, ina tuyar masa a ƙofar gida, da auduga cushe a gefen hagu na rigata.