Nomau Mai Shiga Rijiya da Neman Oba-oba

Nomau ya shekara hamsin da huɗu, talatin daga ciki ya yi su yana shiga rijiyoyin da ba shi ya gina ba. Manomi ne a wani ƙauye na karkarar Gangara, yana da gonar gero da wake, da awaki shida. Mahaifinsa maginin rijiya ne. Shi bai gaji ginin ba, ciro abin da ya faɗa ciki ya gada: akuya, maraƙi, wani lokaci mutum. A shekarar 2016 ya tara mutum bakwai suka kafa ƙungiyar sa-kai, magajin gari ya sa musu hannu. Ba albashi. Bayan girbi ƙauyuka kan aiko musu da damman gero, da su suke sayen igiya da man babur.

Da gwiwa ta fara damunsa, sai ya koma bakin rijiya yana ba masu riƙon igiya umarni, taubashinsa Abdulrahaman ya zama mai sauka. Rijiyoyin yankin kan kai zurfin gaba arba'in. Daga can ƙasa murya takan iso kamar ana magana cikin tulu, ga jama'a sun cika baki kowa da tasa shawarar. Don haka da igiya suke magana: fizga ɗaya a tsaya, biyu a saki, uku a ja.

A ranin 2023 wani makiyayi ya faɗa rijiya. Abdulrahaman ya sauka, bai gama ɗaure shi ba mutumin ya cafke igiyar cikin firgita ya yi ta fizga. Nomau ya ƙirga uku, ya ce a ja. Makiyayin ya fito da ransa, amma Abdulrahaman ya bugu da bangon siminti, kafaɗarsa ta goce.

Da Nomau ya je duba shi, yana kwance a zaure, Abdulrahaman ya ce, "Kai da ba ka yi karatun lakol ba, ashe ƙirga uku ma ta fi ƙarfinka."

"Uku na ji, uku na ƙirga."

"To ka ƙirga wannan. Ba ni sake shiga rami sai ranar da zan yi magana ka ji ni da kunnenka."

Ba wasan taubasai ba ne wannan karon. A cikin sauran mutanen babu mai zuciyar sauka, kuma ƙungiyar da ba ta da mai sauka ta zama taron masu riƙe igiya kawai. Nomau ya shiga neman oba-oba, 'yar na'urar nan ta hannu da ake danna maɓalli a yi magana.

Ta farko a kasuwar mako ya same ta, wajen wani mai kayan lantarki da ke shigowa da kaya daga kudu. Guda biyu, baƙaƙe, masu dogon eriya, da araha. Mai kayan ya rantse suna kai kilomita goma. A hanyar komawa gida, a shingen jandarma, aka buɗe jakarsa. Jandarman ya kunna ɗaya, ya murɗa, sai ga muryar abokan aikinsa tana fitowa. Nomau ya yini a zaune kan benci yana bayanin rijiya ga mutum uku, ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar magajin gari ya bugo waya aka sake shi. Na'urorin dai aka riƙe. Shugaban shingen ya ce masa, cikin mutunci, a wannan zamani na 'yan bindiga ba a yawo da irin wannan sai da takarda, ya je Maraɗi ya tambaya.

Ya je. Sau biyar ya je, kuma kowace tafiya yini guda ce da ranar gona guda. Ta farko an ce ya kawo takardar ƙungiya. Ta biyu an ce hatimin bai fito sosai ba. A ta uku ya samu zama gaban wata ma'aikaciyar buro, wato ofis, Madam Fadila, mai tabarau, wadda ta ɗauko takarda ta fara cikewa.

"Baba, nisan da kuke so ta kai, kilomita nawa?"

"Gaba arba'in."

"Kilomita nake tambaya."

"'Yata, ba ta kai kilomita ba. Ƙasa za ta yi, ba gaba ba."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ya yi bayanin rijiya karo na ba adadi, har da kafaɗar Abdulrahaman. Ta ce a takardar babu gurbin zurfi, amma za ta rubuta mita saba'in a gefe. Sannan ta faɗa masa abin da ba wanda ya faɗa masa a wata uku: shi ba babbar na'ura yake bukata ba. Akwai ƙanana marasa ƙarfi, masu tasha a kulle, waɗanda ba sa shiga ta kowa, irin na masu gadin otal. Sun fi sauƙin izini. Ta ce ya nemo irinsu, ya kawo lambar da ke jikin kowace.

Ya same su a wani kanti kusa da babbar kasuwa, ruwan ɗorawa, ba su fi tafin hannu ba. Kuɗinsu ya ninka na waɗanda aka ƙwace, amma geron bana zai iya. Ya ce a buɗe kwali ya kwafi lamba.

"Alhaji, ba a buɗe kwali sai an saya," in ji mai kanti.

"Ni ba Alhaji ba ne. Kuma ba ni saye sai an ba ni izini."

"To nemo izinin."

"Ba a ba da izini sai da lamba."

Mai kanti ya ɗaga kafaɗa ya juya wajen wani mai sayen caja. Nomau ya fita, ya zagaya kasuwar sau ɗaya don zuciyarsa ta sauka, ya dawo ya zauna a bakin kantin. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe shi ya ba shi labarin makiyayin da igiyar. Kafin azahar mai kanti ya ɗauko reza ya tsaga kwalin da kansa.

Izini ya fito bayan sallar layya, takarda ɗaya, lambobi biyu. Matarsa Rahina ta ɗinka mata jakar leda mai igiya, don Nomau ya ce ko bayan gida ba ya zuwa da na'urorin ba tare da ita ba.

Ranar Talata da hantsi suka taru a rijiyar ƙauyensu don gwaji. Abdulrahaman ya juya na'urar a hannunsa ya ce, "Wata biyar kana yawo, wannan abin wasan yara ka samo?"

"Ka danna nan ka yi magana. Ka gama, ka saki, in ba ka amsa."

Aka ɗaura masa igiya, aka rataya masa na'urar a wuya, ya fara sauka. Nomau ya durƙusa a bakin rijiya da tasa a hannu. Gaba goma, shiru. Gaba ashirin, sai ga murya tar, kamar yana tsaye a gefensa.

"A tsaya."

Aka tsaya cak.

"A saki kaɗan. Madalla. Kai Nomau, wa ya ɗaura ƙullin nan? Kai ne, na san aikinka. Kuma wanda ke gefen hagu yana saki da sauri, ka faɗa masa ba buhun gero ya riƙe ba."

Nomau ya danna zai ba shi amsa. Ba hali. Abdulrahaman ya riƙe maɓallinsa gam bai saki ba. Haka suka ji shi har ƙasan rijiya, yana kushe igiya, yana kushe siminti, yana lissafa laifuffukan Nomau tun suna samari, jama'a na ta dariya. Nomau ya yi ta dannawa, yana magana shi kaɗai, har gumi ya jiƙa masa hula.

Da aka fito da Abdulrahaman, yana riƙe da wani tsohon guga da ya tsinto, Nomau ya ce, "Na ce maka ka saki maɓallin."

"Ka ji ni ko ba ka ji ni ba?"

"Duk gari ya ji ka."

"To shi ke nan. In an kira, a biyo ta gidana." Ya miƙa gugan ga mai shi, ya tura na'urar cikin aljihu, ya kama hanya. Nomau ya bi shi yana ɗingishi, yana kiran ya dawo da ita, don takardar izinin a wajen shi Nomau take.